KADA A AUNA CIYAWARMU A ƘWARYA ƊAYA

 

Maganar da muka ɗauko yau, wani zai ce ba tamu ba ce. Zai ce ina ruwan mai sanda da aikin ɗakin bincike, alhali ga burtali ana nomewa, ga rijiya an sa mata kuɗi, ga ɓarayi sun hana mu barci? Gaskiya ne waɗannan su ne a gabanmu, kuma ba mu daina maganarsu ba. Amma mu da muke zuwa wurin taro a madadinku mun lura da wani abu. Duk shawarar da za a yanke a kan dajin kiwonmu, da takarda ake zuwa. Takardar kuwa daga awo ta fito. In awon ya karkace, takarda ta karkace, kuma ba wanda zai sha wahalar karkacewar sai saniyarmu a cikin rani.

Ga abin da ya tayar da zancen. Wata kaka da ta wuce, mota ta tsaya kusa da wani tabki a yankinmu. Mutum uku suka sauko da jakunkuna da almakashi, suka ce bincike suke yi a kan ciyawa. Muka yi musu maraba, muka ba su nono. Suka bi bakin hanya suna tsinkar ganyen gamba da na kyasuwa, suna zubawa wuri ɗaya, gamba a jaka ɗaya, kyasuwa a jaka ɗaya. Wani dattijonmu ya ce wa tafintansu ai gambar bakin tabki daban take da wadda ke can bisa jigawa, ta jigawa ta fi saurin tofowa bayan an ƙone ta, a tafi a nuna musu. Tafinta ya ce rana ta yi, kuma ai gamba gamba ce. Ba su cika awa guda ba suka tafi. Bayan watanni, a wani taro, sai muka ji ana karanto cewa ciyawar wannan yanki ba ta da wani bambanci a tsakaninta, don haka in za a sake shuka wuraren da suka mutu, ana iya kawo iri daga ko'ina. Muka ɗaga hannu muka ce gindi nawa aka tsinka, kuma a ina? Duk zauren aka rasa mai amsa. Daga ranar muka shiga tambayar likitocin dabbobi da ƴaƴanmu da suka yi karatun noma, muka sa aka karanta mana abin da aka rubuta, har muka gane yadda aikin yake. Shi ne muka ce mu kawo muku.

Kowane tsiro yana ɗauke da gado a jikinsa, kamar yadda maraƙi ke ɗauko ƙaho wajen ubansa, ya ɗauko launi ko yawan nono wajen uwarsa. Masana suna kiran abin ƙwayoyin gado, kuma suna iya fitar da su daga ganye su karanta da na'ura. Gindin hatsi yana da kaso biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uban da iska ta kawo garin furensa. Wasu nau'in gamba ma huɗu suke ɗauke da shi. In ana son a san ko ciyawar wuri tana da wadatar gado, wato ko akwai mai jure fari a cikinta, da mai saurin nuna, da mai jure kiwo, hanya mafi inganci ita ce a auna gindi-gindi. Sai dai wannan akwai tsada, akwai cin lokaci. Shi ya sa aka fito da dabarar garwaye: a tsinko ganye daga gindi ashirin ko talatin ko ɗari, a niƙa su tare, a auna sau ɗaya, a ce wannan shi ne awon wurin.

Mu makiyaya ba a koya mana garwaye, kullum safiya muna yin sa. Ana tatsar shanu talatin a juye a ƙwarya ɗaya. Wanda ya kurɓa zai gaya maka ko garken ya ƙoshi, ko sun ci ciyawar fadama, ko nonon bana ya fi na bara kauri. Wannan sani ne na gaske, ba mu raina shi ba. Amma ka tambaye shi wace saniya ce nononta ya fi mai, ko wacce ce hantsarta ta fara ciwo. Ba zai iya ba, don nonon sauran ya rufe nata. Matar da ta yi tatsar ita ce ta sani, domin ita ta durƙusa gaban kowace ɗaya. Kuma ku lura, a cikin ƙwaryar nan ba daidai kowa ta zuba ba. Mai ba da lita uku ta danne mai ba da rabin lita. Haka yake ga ganye. Gindin da ya samu ruwa ya yi faffaɗan ganye ɗanye, shi zai cika jaka, kuma ɗanyen ganye ya fi tsoho ba da ƙwayoyin gado in an niƙa. Gindin da ke kan faƙo, mai ɗan siririn ganye, wanda ya rayu a inda sauran suka mutu, rabonsa a cikin garin bai taka kara ya karya ba. Alhali shi ne wanda muka fi bukatar a gani.

Ɓatan na farko tun a daji yake faruwa, a hannun mai tsinka. Mu ɗauka a cikin gindi ashirin, ɗaya ne kawai ke da wani hali na dabam, misali saurin yin iri kafin ruwa ya ɗauke. In mutum ya tsinki gindi 10 ba tare da zaɓe ba, lissafi ya nuna sau 6 cikin 10 ba zai haɗa da ko ɗaya mai wannan hali ba. In ya tsinki 30, kuskuren ya ragu zuwa kusan sau 2 cikin 10. Sai ya kai gindi 60 sannan kuskuren zai koma kusan sau 1 cikin 20. To in halin ya fi haka ƙaranci, ɗaya cikin ɗari ne, ko gindi 60 ya tsinka, fiye da rabin lokaci zai wuce shi bai taɓa ba. Ba mu muka ƙago wannan ba. Ƙa'idar ajiyar iri da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2014 ta ce a ɗebi iri daga gindi 30 zuwa 60 aƙalla, gwargwadon yadda tsiron ke barbara. Ku auna wannan da mutanen da suka yi ƙasa da awa guda a bakin hanya.

Akwai ma wani tarko da mai zuwa daga birni bai cika gani ba. Gamba kututture take yi. Ganye goma daga kututture ɗaya gindi ɗaya ne, ba goma ba. Burgu kuwa ya fi haka ruɗarwa, don yana yaɗo, gaɓarsa tana kama ƙasa ta zama sabon gindi, kuma masu dasa shi a bakin kogin Kwara da karansa suke dasawa. Kana iya tafiya taki hamsin cikin burgu kana tsinka, ashe duk jikin uwa ɗaya kake tsinka. In aka niƙa wannan aka ce an auna gindi hamsin, ƙarya ta shiga lissafi tun ba a isa ɗakin bincike ba.

Ɓatan na biyu a cikin na'ura yake. Nan ne abin ya fi ba mu mamaki, domin da mun zaci in an ƙara yawan gindi a cikin garwaye shi ke nan an warware. Ashe gyaran wancan shi ke kawo wannan. Da zarar gindi ya yi yawa a jaka ɗaya, rabon kowane ɗaya ya ƙanƙance, kamar cokalin gishiri ne a tulun ruwa. Da tsohuwar hanyar awo ta shekarun 1990, wadda alamun gado ke fitowa layi-layi a kan faranti, masu aikin da kansu sun gwada sun ga cewa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na garwayen ba da ƙyar yake bayyana, in ya yi ƙasa sosai kuwa ba ya bayyana sam. Na'urorin yanzu sun fi waɗancan ido nesa ba kusa ba, amma su ma suna da iyaka. Yadda suke aiki, kowane gurbi na gado suna karanta shi sau da yawa, kamar mai sa hannu a buhu yana ɗebo ƙwaya ɗaya-ɗaya yana dubawa. In garwayen gindin hatsi 100 ne, kaso 200 ke ciki. In na'ura ta karanta gurbin sau 50 kawai, mafi yawan kason ba ta ma taɓa su ba. Kuma na'ura takan yi kuskuren karatu jefi-jefi. Don haka in wani baƙon abu ya fito sau ɗaya ko sau biyu, mai bincike ba ya iya rabe ko gado ne na gaske ko kuskure ne, sai ya share shi don kada ya yi ƙarya. Ba mugunta ya yi ba, ƙa'idar aikinsa ya bi. Amma sakamakon shi ne duk abin da yake ƙalilan yakan faɗi a hanya, kuma awon ya nuna wadatar gadon wurin ƙasa da yadda take.

Sannan akwai abin da garwaye ba ya iya faɗa ko da na'urar ta fi kowace kyau. Ku ɗauki garke biyu. A na farko kowace saniya tana ba da lita biyu. A na biyu rabi suna ba da lita huɗu, rabi sun ƙafe. In an haɗa nono, duka biyun awo ɗaya za su bayar, amma wane makiyayi ne zai ce garken nan biyu ɗaya suke? Haka nan garwaye ba ya nuna ko jurewar fari da yawan ganye a gindi ɗaya suka haɗu, ko kuwa wannan yana da ɗaya wancan yana da ɗaya. Ba ya kuma nuna ko jini ya yi kusa. Kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa in bijimi ɗaya ya daɗe a garke har ya hau ƴaƴansa da jikokinsa, ƴan maruƙa su riƙa fitowa ƙanana marasa ƙarfi. Ciyawar da ke barbara ta iska, in ta ragu ta zama ƴan kututture kaɗan a tsakiyar gonaki, ita ma hakan ke samun ta. Ana gane wannan ne in an duba kason uwa da na uba a gindi guda, ko iri ɗaya ne ko sun bambanta. In an riga an niƙa gindi ɗari tare, wannan shaida ta tafi.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Ana yin cinikin shanu goma a dunƙule, a yanke kuɗi ɗaya. Amma kafin dillali ya sa hannu, sai ya zagaya kowace ɗaya, ya buɗe baki ya ga haƙori, ya taɓa tozo, ya sa ta yi tafiya ya ga ƙafa. Ba a taɓa yin falken da ya duba ɗaya ya biya kuɗin goma ba, in kuwa an yi, bai daɗe a kara ba.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa da ɗaya cikin ashirin, ba mafi yawa ake bi ba? Amsar tana cikin tarihin hatsin ƙasar nan. A 1976 masu binciken Faransa na ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, sun zagaya ƙauyukan Nijar sun tara irin hatsi da dawa suka ajiye. A 2003 aka sake komawa ƙauyuka 79 daga cikinsu aka ɗebo irin da manoma ke shukawa a lokacin. Tsakanin nan an sha farin 1984, an sha shekarun ƙarancin ruwa. Da aka shuka tsohon iri da sabo gefe da gefe, sai aka ga manyan nau'o'in suna nan, wadatar gadon ma gaba ɗaya ba ta ragu ba. Amma hatsin 2003 ya fi na 1976 saurin fitar da kai, karansa ya fi gajarta, zangarniyarsa ma ta rage tsawo. Da aka bi ƙwayoyin gado, aka tarar wata ƙwaya mai sa saurin fure ta tashi daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa kusan 18. Wato abin da yake ƙalilan a 1976, wanda yake daidai bakin inda tsohon awon garwaye ke fara makancewa, shi ne hatsi ya jingina da shi da damina ta gajarta. Ba wani furoje ya kawo shi daga waje ba. Yana nan cikin rumbun manomi, yana jiran shekararsa.

Mu tsaya a nan kaɗan, don wannan labari ya shafe mu ta wata fuska. Hatsi ya gajarta, ma'anarsa kara ya ragu. Wanda ke sayen kara a rani, ko yake shiga gona bayan girbi, ya ga wannan da idonsa tun kafin a rubuta. Ga kuma shibra, wadda manomi ke ƙi don tana kakkaɓewa, amma ita ke nuna da wuri ta tsare gida kafin sabon hatsi ya iso. In mai bincike ya shiga gonar zango ko ba'angure ya zaɓi zangarniya masu kyau kaɗai ya garwaya, ya bar shibra, awonsa zai nuna gonar ta fi tsabta fiye da yadda take. In ya haɗa da ita bai rubuta ba, ba wanda zai san daga ina baƙon gadon ya fito.

Dattawanmu da suka ga 1973 da 1984 suna faɗa mana cewa ba manyan shanu masu ƙiba ne suka fita ba. Sau da yawa wata ƴar ramammiya ce da ba a kula da ita, ita ta kai damina, kuma daga ita aka sake tayar da garke. Shi ya sa Bafillace ke riƙe da asalin kowace saniya ta wajen uwa, ya san wacce ta haifi wacce har kakanni. Bai taɓa cewa saniya saniya ce ba. To don me za a ce mana gamba gamba ce? Tsofaffi sun shaida cewa kafin waɗancan shekarun fari gamba ta kai arewa fiye da inda take yanzu, daga baya ciyawar shekara ɗaya irin su ƙarangiya da komayya da guɗe-guɗe suka maye wurare da yawa, wasu burtalai kuma garmani ya cinye su, abin da saniya ba ta so. Ƴan kututturen gamba da suka rage a arewa, waɗanda suka sha fari biyu ba su mutu ba, ba za su zama daidai da ta bakin gulbi a kudu ba. In an zuba su jaka ɗaya da ta kudu, an ɓatar da amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a daina garwaye. Ba mu faɗi haka ba, kuma in mun faɗa mun yi rashin adalci. A 2020 an fitar da wani babban bincike a kan hatsin Afirka ta Yamma, inda aka auna nau'i 173 na irin gargajiya, kowane nau'i an garwaya gindi 100. Ku ninka ku gani, gindi 17,300 ke nan. Wa zai biya kuɗin auna su ɗaya-ɗaya? Da garwaye aka iya shi, kuma an sami sani mai amfani: wuraren da hatsinsu ya fi shiga haɗari saboda canjin yanayi nan da 2050, irin da zai dace da su mafi yawa yana wata ƙasa ne, sai an ƙetare iyaka. Mu da ƙafarmu ta saba da iyakar Nijeriya da Cadi da Binin, wannan bai zo mana baƙo ba. Amma ku duba yadda suka yi. Gindi ɗari-ɗari ne, an faɗi adadi, kowane nau'i da jakarsa, an san garin da ya fito. Kuma tambayar da suka yi ita ce yaya hatsin wannan gari ya bambanta da na wancan, wadda garwaye ke iya amsawa da kyau. Tambayar da ba ya iyawa ita ce me ke ɓoye a cikin wuri ɗaya, kuma me ya fara ɓacewa. Laifin da muke gani shi ne a yi awon da ya dace da tambaya ta farko, sannan a tashi a taro a amsa ta biyu da shi.

Abin da ke cikin jaka ɗaya yana iya yin nisan da ba a zata ba. A 1973 an ɗauki irin gamba daga tashar bincike ta Shika kusa da Zariya aka kai ƙasar Kolombiya. A 1980 aka fitar da shi ga masu kiwon can da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma aka sa masa Planaltina, shanunsu suka yi ta ci. A Ostireliya, inda aka kai gamba tun shekarun 1930, ta bazu ta fi ƙarfinsu har ta zama abin yaƙi saboda tana ƙara wa gobarar daji ƙarfi. Har yau da sunanta na Hausa suke kiran ta. Muna kawo wannan ne don a san ciyawar da muke takawa dukiya ce da wasu suka ƙetare teku suka ɗauka. Akwai ma'ajiyar iri a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, akwai ta ciyawar kiwo a cibiyar ILRI ta Adis Ababa. Abin da aka sa a ma'ajiya shi jikoki za su tarar. In gindi biyar na bakin hanya aka ajiye da sunan yanki guda, gindi biyar ɗin za a mayar mana ranar da muka nema.

Inda abin ya fi taɓa mu yau shi ne aikin raya faƙo. Ana haƙa rabin-wata, ana watsa irin ciyawa, kuma muna goyon bayan aikin, ƴaƴanmu ma suna samun na cefane a ciki. Amma irin da ake watsawa buhu-buhu ake saye, kuma mai sayarwa inda ya fi sauƙi yake tarawa, wuri ɗaya, rana ɗaya, abin da ya nuna a ranar. Wadda ta riga ta zubar da irinta da wadda ba ta nuna ba tukuna duk ba su shiga buhu ba. In takarda ta ce ciyawar yankin duk ɗaya ce, ba mai dalilin da zai sa ya wahalar da kansa ya tara daga wurare da yawa. Sai a shuka fili mai faɗi da ƴaƴan uwa ɗaya. Shekarar da ruwa ya yi kyau kowa zai yaba, a ɗauki hoto. Shekarar da ruwa ya tsaya sati uku bayan tsiro, tare za su mutu, don halinsu ɗaya. Sannan a ce makiyaya ne suka sa bisashe suka cinye. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinmu ne, kuma mun sha wuya kafin a kai nan. Sai dai ciyawa muke bi, ba hanya ba. In ciyawar arewa da ta kudu, ta fadama da ta tudu, suka koma hali ɗaya, suna nuna tare suna bushewa tare, tafiyar ta rage amfani.

Don haka ga abin da muke nema wurin hukumomin bincike da ma'aikatar kiwo da masu furoje. Duk takardar da za a kawo taro a kan ciyawa ko irin shuka, a rubuta a fili gindi nawa aka tsinka, tazarar da ke tsakaninsu, wane wata ne, kuma ko an garwaya ko ba a garwaya ba. In an garwaya, a yanki ganye daidai wa daida daga kowane gindi, kada a cika jaka da hannu. Kada a haɗa fadama da jigawa da faƙo, kowanne da jakarsa, kuma gara ƙananan garwaye da yawa da babba guda. A ajiye ragowar ganyen kowane gindi daban, domin in wani abu ya fito a iya komawa a san mai shi. A cikin kowane wuri a auna waɗansu gindi ɗaya-ɗaya ko da kaɗan ne, a gwada da abin da garwaye ya bayar. Kuma kada a sake rubuta cewa babu abin da ya ɓace bisa awon da ba ya ganin ƙalilan. A rubuta abin da aka gani, a rubuta iyakar idon na'urar.

Abu na ƙarshe da muke nema ba ya cin ko dala. A tafi da makiyayi. Ba tafinta daga birni ba, mutumin da ya yi shekara talatin yana kiwo a wurin, ko tsohuwar da ke yankan gamba tana saƙa zana, wadda hannunta ya san mai taushi da mai kaushi. Da ɗan gari akan ci gari. Su za su nuna inda kututturen da ya tsira daga 1984 yake, da kwarin da kyasuwarsa ke riga ta ko'ina nuna.

Ku kuma ƴan'uwa, in mota ta tsaya a mashekarinku, ku karɓe su hannu biyu, baƙo ne kuma aikinsa yana iya amfanar mu. Amma ku tambayi daga ina suke, me za a yi da abin da suka ɗiba, kuma yaushe za a dawo a gaya muku sakamako. Ku sa yaro ɗan lakkal ya ƙirga gindin da suka tsinka ya rubuta, da ranar, da wurin, ku aiko wa ofishin ƙungiya mafi kusa da ku. In sun tsaya bakin hanya, ku ce ga jagora, a shiga ciki.

Mu ma akwai abin da za mu iya da hannunmu. Bana in ruwa ya ɗauke, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, kafin gobara da kafin garke ya tattake, kowane reshe ya tara irin gamba da kyasuwa da komayya na yankinsa. A ɗiba daga gindi sittin ko fiye, ana barin taki goma ko ashirin tsakanin gindi da gindi, a koma sau biyu ko uku don a sami mai saurin nuna da mai jinkiri. Na tudu daban, na kwari daban. A shanya a inuwa ya bushe sarai, a ɗaure a buhun da iska ke shiga, ba leda ba, a rataye inda gara da ɓera ba su kai. A jikin kowane buhu a rubuta sunan wurin da shekarar.